Ƙarafunan Gidan Kuza

A Rayfield, cikin gidan da kamfanin kuza ya bari,
ƙarafa shida ne durƙushe a gindin tagogi,
haƙarƙarinsu a waje kamar na saniyar rani.
Baba Jatau ya san su tun yana ɗan shekara sha biyu.
Shi ke shebur, shi ke zuba kwal a tukunya
don ƙafar Manaja kada ta ji sanyin siminti.
Shi kuwa a ɗakin baya yake kwana, cikin buhu.

Tukunya ta mutu tun kafin a haife ni.
Na tashi na tarar ana shanya musu safa,
kyanwa na haihuwa a bayansu.

Bana Agusta ta zo da yayyafin da ba ya gajiya,
kwana tara rana ba ta leƙo Shere ba.
Gwiwar Baba ta ƙi miƙewa.
Garwashi a kasko kuma likita ya hana,
ya ce hayaƙin nan ɓarawo ne mara takalmi.

Sai ga Chuwang da injinsa a bayan a-kori-kura.
Ya ce, Hajiya, firji ne aka juya masa riga:
yana tsintar ɗumi a iskar waje, ko da sanyi ake,
kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama girbi,
ya tara, ya zuba a ruwa, ruwa ya zaga gida.

Na ce, to waɗannan tsofaffin fa?
Za su yi, ko in kira 'yan gwangwan?

Bai amsa ba. Ya durƙusa da tef ɗinsa,
yana ƙirga haƙarƙari, leɓe na motsi.
Ya kara tafin hannu a jikin taga, ya yi tsaki.
Ya ce, tukunyar da tafasasshe take turowa,
ko ƙaramin ƙarfe ya sha, ɗaki ya ɗauka.
Wannan kuwa ruwan wankan jariri ne.
Ɗumi kaɗan yana son jiki mai faɗi.
Na falo, mai ashirin da huɗu, ya isa har ya yi saura.
Na ɗakin Baba, mai bakwai, ba zai iya ba,
sai an yi masa ƙani.
Amma kafin komai, toshe tagogin nan.
Ba a cika tulu gindinsa na yoyo.

Kwana biyu suna wanke cikin bututu.
Abin da ya fito ja wur, kamar manja,
tsatsar shekara sittin ta bi lambatu
ta wuce ta gindin fiya.

Ranar da aka kunna, Baba ya jawo sanda,
ya ɗora hannu a ƙarfe, ya jira, ya ɗage.
Ya ce, an cuce ki.
A zamanina ko ƙwai ka ajiye nan sai ya dahu.
Ya naɗe hannun riga ya nuna wa Chuwang tabon,
wanda ni kaina sau biyu na taɓa gani.

Chuwang ya ce, Baba, ba shi zuwa gobe.

Ƙarfe uku na dare aka ɗauke wuta.
Injin ya yi shiru, na tashi da tocila,
gabana na faɗuwa, ina lissafin kuɗin da na zuba.
Na tura ƙofarsa a hankali.
Hular sanyi na ƙasa, bargo ya zame zuwa ƙugu,
yana minshari da baki buɗe.

Na taɓa tsohon ƙarfen.
Bai ƙona ni ba.
Yana nan riƙe da abin da aka ba shi,
yana sakinsa kaɗan-kaɗan,
har aka kira assalatu a Bukuru.

Da safe Baba bai ce komai ba.
Ya dai sa an matsa masa kujera kusa da mai bakwai ɗin,
ya ɗora kofin shayinsa a kai.